Sawun Isiyaku a Kan Allo

Sai bayan sadakar uku aka tuna da albasa. Wari ne ma ya tuna wa mutane. Malam Yari yana alwala a ƙofar gida iska ta kawo masa shi daga ɗakin ajiya, ya ajiye buta ya nufi can. A Aliero ba a koya wa manomi warin albasar da ta fara gumi.

Ɗakin na ɗansa Isiyaku ne, ko a ce dabararsa ce. Shi ya hana uban zuba amfanin bana a rudu, rumbun kara na albasa, kamar kowa, ya gina ɗaki mai fankoki, ya haɗa su da wata 'yar kwamfuta da ke cin hasken rana. Ranar da ya hau babur zuwa Jega sayo wayar lantarki, ya kashe fankokin da niyyar dawowa kafin la'asar. Mota ta same shi a hanya. Noman shekara guda na gidan yana ciki, kuma babu wanda ya san yadda ake tada fankokin.

Aka kira Fa'iza, ƙanwarsa, don ita ce ta taɓa zama kusa da shi yana aiki.

"Ke kin san abin ga?" in ji uban.

"Kaɗan, Baba. Ya nuna mini sau ɗaya."

"To kaɗan ɗin muka so. In rana ta yi tsaka, albasag ga ta tahi."

Allon kwamfutar baƙi ne, rubutu fari, ba hoto ko ɗaya. Ta kai yatsa ta shafa shi kamar waya, bai motsa ba. Isiyaku ya bar shi a buɗe cikin littafin bayanin manhajar da ke juya fankokin, irin wanda ba a yawo cikinsa sai da maɓallai. Ta tuna maɓallin n na kai mutum shafi na gaba, sai ta yi ta danna shi. Abin da ba ta tuna ba, n manyan babuka kawai yake bi, kamar direban da ya ɗauko titi daga Jega zuwa Maiyama bai ratsa ƙauye ko ɗaya ba. Ta danna u ta hau sama, ta sa Tab ta tsaya kan wani suna, ta shiga, ta iske kanta cikin bayanin lasisi. Wanda ya rubuta littafin nan dai ya ɗauka kowa na da yini guda na banza.

Zafi ya fara taruwa a ɗakin. Malam Yari ya ɗago albasa ɗaya, ya matsa wuyanta, ya mayar.

Can ta tuna maɓallin l. Isiyaku ya ce mata shi ne na wanda ya ɓata, yana mayar da kai inda ka fito, taki ɗaya-ɗaya. Ta danna, ta koma ta kan shafukan da ta yi kame-kame cikinsu, har ta iso wanda ta tarar tun farko. Hannunta ya ƙara dannawa ba da niyya ba. Allon ya kai ta wani shafi da ba ta taɓa buɗewa ba.

Ta daɗe tana kallo kafin ta gane. Ba a rufe littafin ba tun ranar, saboda haka bai manta ba. Sawunta ya ƙare, ta shiga na yayanta.

Ta bi shi baya-baya. Ga inda ya karanta yadda ake sa fanka ta tashi da kanta in zafi ya yi yawa. Ga inda ya leƙa wani babi ya fito, ya sake komawa, halinsa ke nan, bai yarda da karatu ɗaya ba. Kewarsa ta kama ta sosai a nan, fiye da ranar da aka fita da shi. Sai ga shafin kashewa da kunnawa, umarnin layi ɗaya ne tak. Ta kwafe shi da biro a tafin hannu.

"Kin samu?"

"Na samu, Baba. Amma sai na hita daga nan in rubuta shi. In na hita, inda duk ya bi ya goge."

Tsohon ya matso ya dubi allon. Ba ya karanta boko, bai ga komai ba sai fararen layuka.

"Nan yat tsaya?"

"Nan."

Ya juya ya kalli albasar.

"Hita, ɗiyata."

Ta danna q. Littafin ya rufe. Ta rubuta abin da ke tafinta, fankokin suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Malam Yari ya tafi kiran masu tsince ruɓaɓɓu. Da ta ga ita kaɗai ce, ta sake buɗe littafin, ta danna l. Allon ya ce babu inda za a koma.