Gefen Hasken Fitila

Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe wa mijina Clarrie fitila, rana ɗaya aka sallame ni daga aiki, ko sannu ba a ce mini ba.

'Yarmu Narelle ce ta ƙulla wannan sallamar. Ta zo daga Geelong wata Asabar, sati uku bayan an yi mini aiki a kafaɗar dama, ta dire wani ɗan kwali a teburin kicin kusa da butar shayi.

"Baba, ga tsarabarka," ta ce. "Wannan fitilar a kan bindiga ake ɗaura ta. Inda ka nuna, nan za ta haska. Mama ta huta ke nan."

"Wa ya ce miki na gaji?" na tambaye ta.

"Likita ne ya ce, Mama. Ya ce kada hannun nan ya ƙara ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi. Ke kuma so kike ki tsaya a bayan akori-kura cikin sanyin Yuli, tsakiyar hunturunmu, da fitila mai nauyin ɗan rago? Haba Mama!"

Na juya wajen Clarrie ina jiran ya tsaya mini. Ina! Tsohon nan tuni ya farke kwalin, ya ɗora tabarau a kan hanci, yana jujjuya abin a hannu yana washe baki. Fitilar ba ta wuce tsawon tafin hannuna ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi na hau wanke kofunan da na riga na wanke.

Ga yadda muke yi tun muna sabon aure. In tumaki suka fara haihuwa, diloli sai su sauko daga bakin rafi da dare su yi ta kashe mana jarirai. Clarrie ya tuƙa motar a hankali, ni ina tsaye a baya, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya riƙe da fitila, ina share fili da haske. Idon tunkiya kore ne, dishi-dishi. Na dila kuwa ja ne kamar garwashi. Da na hango garwashin sai na buga rufin mota sau biyu. Ya tsaya, ya ɗora bindiga a kan taga, ya busa ɗan usur ɗinsa na gwangwani mai kukan zomo, dila ya tsaya yana saurare, shi ke nan sai ƙarar bindiga. Daga nan har garin Casterton babu wanda bai san hannun Clarrie ba. A kasuwar tumaki har nuna shi ake yi, shi kuma yana wani gyara hula.

Faɗanmu a wannan aikin guda ɗaya ne, rufin mota. Akori-kurar nan ta girmi Narelle, amma duk Lahadi sai ya wanke ta ya goge, ko kaza ba ta isa ta hau kanta ba. Kullum na buga rufin sai na ji murya daga ƙasa: "Da tafin hannu, Glenys, ba da zobe ba! Za ki kankare mini fenti!" Ni kuma ina sane nake bugawa da zoben.

Yamma uku ya ɓata a rumfar askin tumaki yana ɗaura fitilar. Ya zare harsashi, ya kwantar da bindigar a kan babban ƙunshin ulu, ya danne ta da buhunan yashi biyu. Ya maƙala zoben ƙarfe a jikin madubin saitin bindigar, ya ɗaure noti, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Wayar makunni ya bi da ita ta gefen katako, ya naɗe da baƙin salatif daidai inda babban yatsansa ke sauka. Daga nan ya auna taku hamsin zuwa bangon rumbun hatsi, ya zana gicciye da alli. Sai ya leƙa madubi, ya murɗa noti kaɗan, ya sake leƙawa, har tsakiyar hasken, inda ya fi ƙarfi, ta zauna cif a kan gicciyen.

A yamma ta uku na kai masa shayi da biskit, na tarar yana kallon bangon nan kamar wanda ya gina shi.

"Zo ki gani, tsohuwa. Ko gashi ɗaya bai kauce ba."

Ina dubawa na ga matsalar. "Clarrie, da ka ɗan ɗaga..."

"Glenys, wannan aikin ma'auni ne, ba dahuwar miya ba. Ajiye shayin a can."

To, madalla. Na ajiye shayin, na ja bakina na tsuke. A raina na ce, tunda kai ne gwani, bismilla, ga fili ga mai doki.

Daren farko na tsaya a tagar kicin na kashe wuta. Ina hango haskensa can a filin rafi, yana tafiya, ya tsaya cak, ya yi tsalle gefe, ya sake tsalle. Ba ƙara. Dare na biyu ƙara ɗaya, na san kuma kuskure ya yi, don ya dawo bai yi fito ba. Clarrie in ya samu, tun daga bakin shinge ake jin fitonsa.

Da safe muka fara tsintar 'yan raguna. Wani an cinye harshe, wani an farke ciki, uwar tana tsaye a kansa tana kuka. Rana ta biyar sai ga 'yan tagwayen wata tunkiya da na yi rainonta da kwalba da hannuna, duka biyun a kwance. Wannan ya ci mini rai. Amma girman kai rawanin tsiya, ban ce uffan ba. Kuma in faɗi gaskiya, akwai wani abu can ƙasan zuciyata da ke jin daɗi. Ina so ya gaji, ya cire abar nan ya jefar, ya zo ya ce, Glenys, taso mu tafi.

Shi kuwa ya zagi batir, ya sayi sabo. Ya zagi iska. Ya rufe bakin fitilar da jan gilashi, ya cire. Ya koma bango ya sake aunawa, ya tarar tana nan cif a tsakiya yadda ya bar ta.

Dare na takwas ya shigo, ya kulle bindiga a akwatin ƙarfe, ya zauna a kujerar kicin ko takalmi bai cire ba. Na zuba masa shayi, bai taɓa ba.

"Glen," ya ce. Rabon da ya kira ni haka har na manta. "Ina jin ni ne. Fitilar ba ta da laifi, na auna ta sau goma. Ina ganin idon dila, kafin in daidaita ya ɓace. Da can tsayawa suke yi su jira ni. Yanzu na yi nauyi, hannu da ido duka. Gobe zan kira yaran maƙwabcinmu Doolan su zo su riƙa harbe mana. Bindigar kuma in bai wa mijin Narelle."

Ya faɗi haka yana kallon tafin hannunsa. Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Mutum ɗan shekara saba'in da huɗu yana shirin binne kansa da rai, ni kuma ina zaune a kan maganar da za ta tashe shi, don kawai a neme ni.

"Ɗauko bindigar," na ce.

"Yanzu? Sha ɗaya ta wuce."

"Ɗauko, na ce. Ka zare harsashi. Kuma in ka sake ce mini dahuwar miya, da ludayi zan rotsa maka kai."

Muka tafi rumfa, ni da rigar barci da takalmin roba. Ya kwantar da ita a kan ƙunshin ulu ya kunna. Haske ya faɗa kan gicciyen alli.

"Kai da kake leƙen madubi shekara arba'in," na ce, "ka taɓa ganin na dalla wa dila fitila a fuska?"

"To da me kike haska shi?"

"Da gefe, tsoho, da gefe! Tsakiyar hasken sama da kansa nake ajiye ta, a kan ciyawar bayansa. Ɗan dishi-dishin da ke zubowa ƙasa shi ke kama idonsa. Shi a ganinsa ba a gan shi ba, shi ya sa yake tsayawa yana sauraren usur ɗinka. Sai na ji ka ja numfashi ka riƙe, sannan nake sauke masa ita. Kai kuwa ka ɗaure wannan a tsakiya, da ka nuna shi sai ka watsa masa rana tsaka a ido. Dila sarkin wayo ne zai tsaya? Ko ni ce ai gudu zan yi."

Ya juyo ya kalle ni. "Daga bayan mota kike jin numfashina?"

"Kai da kake huci kamar tsohon bijimi? Har a Casterton ana ji."

"Wa ya koya miki?"

"Diloli. Wa kuma?"

"Shekara arba'in da ɗaya ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kana can kasuwa kana gyara hula."

Ya miƙo mini tocila in riƙe masa da hagu. Notin murɗawa ya ƙure bai kai inda nake so ba, sai na sa ya yanko ɗan guntun robar tayar keken Narelle da ke rataye a bango tun tana makaranta. Ya kwance zoben, ya cusa robar a ƙarƙashin gaban fitilar, ya ɗaure. Haske ya hau sama.

"Ya yi yawa. Sauke kaɗan. Kaɗan na ce, Clarrie! Ɗaga. Tsaya nan."

Tsakiyar hasken ta zauna kamar tafi biyu sama da gicciyen, gicciyen kuma yana cikin gefe, ana ganinsa amma ba ya ƙyalli. Ya leƙa madubi ya daɗe.

"A karkace take," ya ce.

"Ni ma a karkace nake riƙewa. Je ka gwada."

Na koma tagar kicin. Hasken ya gangara filin rafi, ya tsaya. Na ji kukan usur siriri. Ban san lokacin da na riƙe numfashina ba. Ƙara ɗaya. Bayan rabin awa, wata. Can sai ga fito tun daga bakin shinge, waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Na yi murna, Allah ya sani. Na kuma kifa kaina a bakin wurin wanke-wanke na sha kuka. Abu ɗaya da na iya wanda babu wanda ya iya, na ɗauka da hannuna na koya wa guntun roba. Yanzu kam an sallame ni da gaske, kuma ni na sa hannu a takardar. Kafin ya shigo na wanke fuska na hau gado na yi kamar ina barci.

Kwana biyu babu ɗan rago ko ɗaya da ya mutu. Ranar Juma'a ya tafi gari tun da sassafe bai ce mini ga abin da zai yi ba. Da la'asar ina ɓare dankali sai na ji ƙarar injin huda ƙarfe daga bakin rumfa, irin ƙarar da ke shiga haƙori. Na fita da wuƙar a hannu.

Clarrie na tsaye a kan akwati, yana huda rufin akori-kura. Rufin nan dai. Farin fenti na tashi yana zuba a kan gilashi.

"Clarrie! Ka haukace ne?"

"Matsa, kar ya shiga miki ido."

Na tsaya baki buɗe har ya gama. Ya zura wani ƙarfe ta ramin, ya ɗaure tsohuwar fitilata a samansa, ya toshe gefen da roba saboda ruwan sama. A cikin mota kuwa mariƙi ne ya sauko, ba a tsakiya ba, can ta wajen ƙofar hagu, ɓangaren fasinja, daidai kafaɗar mai zama a kujerar. Ya shimfiɗa fatar tunkiya a kujerar, ya ajiye bargo.

"Shiga ki gwada. Da hagu. Yatsa biyu ya isa."

Na shiga, na taɓa mariƙin. Fitila ta juya a sama, sumul, ba nauyi ko kaɗan.

"Ta kan bindigar fa?" na ce. "Ai tana aiki yanzu."

"Tana aiki. Amma abin da na riga na gani take haskawa. Nemowa fa? Sai in yi ta nuna wa tumakina bakin bindiga ina neman ido, ga tuƙi, ga buɗe shinge." Ya goge hannu da tsumma, yana kallon taya. "Kuma ba ta zagina. Dare ya yi mini tsawo."

"Ka huda motarka, tsoho."

"Na sani. Ina wurin aka yi."

Daren nan muka fita, filas ɗin shayi a tsakaninmu, bargo a gwiwata. Muna gangarawa bakin rafi na hango garwashi biyu a gindin shinge. Na ɗaga hasken sama da su. Yana zaune dab da ni, in na yi raɗa ma zai ji. Amma na miƙa hannun hagu na ƙwanƙwasa rufin sau biyu, da zoben.

Ya taka birki a hankali, yana laluben usur a aljihu.

"Ƙara bugawa, Glen," ya ce. "Ban ji ba."