Sitiyarin Hassana

Ikilima ta sake jan guntun ƙarfen da linzamin kwamfuta ta kai shi bakin ɗan'uwansa, nan ma suka haɗe tsaf, kamar raken da aka sara da adda aka mayar. Abin da ba ta so ta gani ke nan. Ta zare tabarau ta goge da gefen mayafinta, ko da yake ta san ba tabarau ne ke yi mata ƙarya ba.

A bayanta, cikin rumfar koyon kanikanci ta kwalejin da take koyarwa a Dutse, gawar motar na zaune a kan tubala, ruwan ɗorawa, gabanta a lotse. Bas ce ta ɗaukar 'yan makaranta. Makarantar al'umma ta garinsu, can wajen Miga, ita ta bai wa kwalejin bayan ta gaji da kallonta a bayan aji. Aikin Ikilima shi ne ta kwance motar ƙarfe-ƙarfe, ta auna kowanne, ta haska shi da na'urar da ke ɗaukar siffar abu, sannan ta sake harhaɗa ta a cikin kwamfuta, yadda ɗalibi zai juya ta, ya leƙa cikinta, ya ga yadda haƙorin giya ke cizon ɗan'uwansa ba tare da ya shafi baƙin mai ba. Shugaban sashensu, Injiniya Sharhabilu, ya ce ta kwafo zanen kamfani kawai ta huta, don ya san motar wace ce. Ta ce a'a. Motar da ke cikin zanen kamfani ba ta taɓa faɗawa ramin hanyar Miga ba, ita kuwa wannan take so, da tabonta da komai. Ikilima in ta kafe, gara mutum ya je ya roƙi duwatsun garin su matsa.

A cikin motar nan mahaifinta ya rasu.

Mahaifin nata, Malam Maharazu, shi ne direban makarantar, shi ne kuma bakanikenta. Motoci biyu aka sayo rana ɗaya, iri ɗaya, mutanen gari suka raɗa musu Hassana da Usaina. Hassana yake tuƙawa, amma duka biyun yake duba lafiyarsu, kuma yana da doka guda wadda har tsokanarsa ake yi da ita: ba a bambanta tagwaye. In ya canza wa Hassana mai, sai ya canza wa Usaina ko nata bai yi baƙi ba. Carbin da ya rataya a madubin wannan, irinsa sak ya rataya a na waccan.

Wata ranar damina an taso daga makaranta, Hassana ta ƙi shan kwana, ta miƙe ta daki gindin tsamiya. Shi da 'yan mata biyu ba su tashi ba. Yaran da suka tsira abu ɗaya suka yi ta faɗa: Baba Direba yana ta murza sitiyari yana salati, yana ta murzawa. Daga wannan gari ya gina labarinsa. Wasu suka ce santsi ne, wasu suka ce shanu ne suka yanko titi, amma kowa ya yarda Malam ya yi ta kokawa da motar har ya kautar da ita daga kududdufin da ke gefen hanya. Aka sa wa ɗakin taron makarantar sunansa. Dada, mahaifiyar Ikilima, da wannan sunan take kwana take tashi.

Yanzu ga ƙarfen nan. Sanda ce mai tsawon muciya, ita ke kai saƙon sitiyari ga ƙafafun gaba. Duk abin da ke gaban Hassana ya lanƙwashe saboda dukan bishiyar, wani ya nannaɗe kamar tabarma. Sandar nan kaɗai ce ta karye a miƙe. Kuma na'urar ta ga abin da idon Ikilima ya wuce: daidai wurin karayar, ƙarfen ya ɗan yi tudu, tudun da bai kai kaurin farce ba. Ta tashi ta ɗauko ainihin guntun daga kan benci, ta kankare fentin da mukullinta. Walda ce. An yanke sandar, an haɗe, an goge da magagari har ta yi sumul, aka shafe da baƙin fenti. Rabin bakin karayar santsi ne da shi, alamar tsagar da ta daɗe tana cin ƙarfen a hankali kafin ranar da ya saki.

Mutum ɗaya ta sani a duniya da yake goge walda har ta ɓace wa ido.

Ta koma ta zauna. Ta raba sandar biyu a cikin kwamfutar, ta ba sitiyarin umarnin juyawa. A fuskar allon, gaban kujerar da babu kowa a kanta, sitiyarin ya fara juyawa. Ya yi dama har ƙarshe, ya dawo hagu, ya sake komawa dama, ƙafafun gaba kuwa na kallon gabansu, ko gezau. Shekara da shekaru tana jin maganar yaran nan tana alfahari, ashe ba ta taɓa jin abin da suke faɗa ba. Ta so ta danna ta tsayar da shi, yatsan ya ƙi motsi.

Sai da ta yi kuka mai isarta, sannan wani tunani ya zo ya tsinka mata kukan. Ta lalubi wayarta.

"Dada, ina wuni."

"Wuni kuma da hantsi? Ke lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau. Dada, kin tuna ko Baba ya taɓa kawo wani dogon ƙarfe gida, kamar muciya, baƙi?"

Dada ta yi 'yar dariya. "Au, waɗanda suka ɓata min zani? Yo ina zan manta! A Kano ya sayo su, suka yi tsawo, ya kai wa mai walda aka rage. Yini guda ya yi a zaure yana goga. Da ya shafa fenti bai ga wurin ratayewa ba sai igiyar shanyata. Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Waɗanda kika ce, Dada? Ba guda ɗaya ba ne?"

"Ke ma dai kin san halin babanki."

Usaina tana nan da ranta. Kullum tana zaga ƙauyuka tana kwaso yara, kuma Ɗayyabu, yayan Ikilima, shi ya gaji kujerar. Ta kira shi, ya ɗauka cikin hayaniya.

"Yaya, don Allah kar ka tayar da motar nan yau. Ka jira ni."

"Injiniya manya! Daga cikin kwamfutar kika hango ta?"

"Ba wasa nake ba, Yaya."

"To mene ne?"

Ta yaya za ta gaya masa wannan ta waya, yana tsaye ƙila a inuwar ɗakin da ke ɗauke da sunan mahaifinsu? Ya ce hadari na haɗowa ta gabas, shi ba zai bar 'ya'yan mutane ruwa ya dake su ba saboda mafarkin da ta yi a ofis. Layin ya katse, bai sake shiga ba.

Injiniya Sharhabilu bai tambaye ta komai ba, fuskarta kawai ya kalla ya miƙa mata mukullin motarsa. Ta sa guntun ƙarfen da kwamfutar a jaka ta kama hanyar Jahun. Ba ta taɓa jin nauyin sitiyari a hannunta irin na ranar ba. Duk kwanar da ta tunkara, sai ta ji motar ta amsa sannan ta saki numfashi. Gero ya kai ƙirji a gonaki, sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas. Da ta zo kwanar tsamiyar ba ta kalli bishiyar ba, amma ta ji ta a gefen fuskarta har ta wuce.

Ta tarar da Usaina a bakin ƙofar makarantar, injin na kunne, yara na turereniyar shiga. Kalar nan, ƙarar nan, carbin nan na lilo a madubi. Watanni ke nan tana kwana da gawar wannan fuskar. Ta sha gaban motar ta tsaya.

Ɗayyabu ya leƙo ta taga. "Haba Ikilima, a gaban yara?"

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kwanta a ƙasa da atamfarta ta zuwa aiki, ta shige ƙarƙashin motar. Ba ta buƙaci fitila ba, ta san wurin kamar yadda ta san hanyar ɗakin Dada. Ta bi sandar da yatsa har ta ji tudun. Ta kankare laka da fenti, sai ga wani siririn layi ja na tsatsa ya zagaye kusan rabin ƙarfen.

"Yaya, kashe injin ka zo."

Ya kashe, ya shigo yana ƙunƙuni. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan layin. Sannan ta zaro guntun Hassana daga jaka ta kara shi kusa da na Usaina. Ɗayyabu ɗan bakanike ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya shafa waldar, ya shafa ɗayar. Suna kwance kafaɗa da kafaɗa, ƙafafun yara na dukan ƙarfen da ke samansu.

"Aikin Baba ne," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Ke nan lokacin da yake ta murzawa, ya san abin da ya saki?"

"Ya sani, Yaya. Ba wanda ya kai shi sani."

Ya rufe fuskarsa da damtsensa. Da ya fito, ya tsaya a bakin ƙofar motar ya ce kowa ya sauko, yau a ƙafa za a tafi, manya su riƙe hannun ƙanana, shi zai raka su. Yara suka yi ta ihun murna, su kam abin wasa ya samu. Ya dawo kusa da ita yana karkaɗe riga.

"Mu ce birki ne," ya ce. "Gobe in shiga Kano in sayo sabuwa in ɗaura, ba mai ji ba mai gani. Ki tuna da Dada."

"Da ita nake tunawa tun daga Dutse. Amma waldar na cikin aikina, Yaya, kuma ba zan goge ta ba. Yaran da nake koya wa su ne za su riƙa kwanciya a ƙarƙashin motocin nan."

"To ki cire sunan garin."

"Ka ga wanda bai san Hassana ba?"

Kafin ya amsa, wata mata ta ƙaraso da buta a hannu. Inna Talatu ce, mai tuyar awara a bakin ƙofar. 'Yarta Nusaiba na cikin biyun da suka tafi tare da Malam, kuma duk sallah sai ta kai wa Dada kwanon tuwo, tana cewa ba za ta manta ƙoƙarin da ya yi ba. Ƙaramar 'yarta Mu'minatu, wadda ta sauko daga Usaina yanzun nan, tana riƙe da gefen zaninta.

"Wanke hannunki, 'yar Malam," ta ce tana tsiyaya mata ruwa. "Dubi hannu sak nasa. Me kuka gani a ƙasan?"

Ɗayyabu ya buɗe baki. Ikilima ta riga shi. Ta gaya mata a taƙaice, ba ado: ƙarfen da ke juya ƙafar mota ne ya karye, a wurin da Baba ya sa aka yi wa walda, kuma irinsa ne a jikin wannan, saura ƙiris. Ruwan butar ya ci gaba da zuba a ƙasa har sai da Mu'minatu ta taɓa hannun uwarta.

"Babu shanu ke nan," Inna Talatu ta ce.

"Babu, Inna."

"Ke ina kika gani? Ai ba kya wurin."

Ikilima ta yi jinkiri, amma matar tana da haƙƙin gani fiye da duk ɗaliban Dutse. Ta ɗora kwamfutar a kan bencin awarar ta buɗe. Iska ta fara kaɗawa, yayyafi na ɗiga ɗaya-ɗaya a kan allon. Hassana ta bayyana, babu rufi babu fenti, ƙasusuwanta kawai. Sitiyarin ya fara juyawa a gaban kujerar da babu kowa, dama, hagu, dama, ƙafafun na kallon gabansu.

Inna Talatu ta sunkuya tana kallo, hannunta ɗaya a kan kan Mu'minatu. Ɗayyabu ya juya baya. Ikilima ta tsaya tana jiran abin da zai fito daga bakin matar, ta riga ta shirya karɓar ko mene ne. Aka daɗe a haka, sitiyarin bai fasa juyawa ba.

Can Inna Talatu ta miƙe, ta goge ido da bakin zani, ba ta kalli kowa a cikinsu ba.

"Tsayar masa haka nan, 'yar nan," ta ce. "Malam ya gaji."