Randar da Ba Ta Shiga Wuta Ba

Nnako Wodu ta shekara hamsin tana gina tukwane a Emigana, kuma kowa a ƙauyen ya san abu biyu ne ba ta wasa da su: sallarta da wutar gashin tukwanenta. A wannan karon randuna goma sha huɗu ta gina, aikin mako shida, suna jere a rumfa suna jiran ranar gashi. Wuta ɗaya ake yi musu gaba ɗaya, kuma idan abu guda ya fashe a ciki ba shi kaɗai yake tafiya ba, sai ya ja na kusa da shi.

Ana cikin haka sai ga Malama Teni, mai koyar da 'yan aji uku, ta yi sallama da faranti a ka. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta sauke. Farantin cike yake da tarkacen yumɓu: haruffa, lambobi, 'yan kifaye, har da kwalekwale.

"Nnako, littafi shida gare mu, yara arba'in da biyu. Shi ya sa nake sa su gina harafi da hannunsu, don abin da yaro ya murɗa ba ya manta shi. Amma da an taɓa sai su ruguje. Ki taimaka ki sa mana su a wutarki."

Tsohuwar ta ɗauki kifi ɗaya ta juya shi. Kauri kamar curin tuwo.

"Ke Teni, ni na goya ki ranar da uwarki ta tafi kasuwar Bida, kika jiƙa mini zane ban ce komai ba. Yau kuma randunana kika zo farfasawa? Wannan ɗanye ne sharaf. Ɗauki kayanki."

Malama ba ta yi musu ba. Murmushi kawai ta yi ta ce, "To ki zo gobe ki faɗa musu da bakinki. Ni idan na faɗa ba za su yarda ba."

Washegari Nnako ta tafi makarantar, da niyyar ta yi musu tsawa ɗaya ta dawo. Amma ina! Ko ajin ba a shiga ba. A gindin mangwaro ta tarar da su, an hura gawayi a kasko, yara sun yi da'ira, kowa hannu dumu-dumu da laka. Malama ta ɗaga curi biyu, ɗaya an gina shi da safen nan, ɗaya kuma ya yi kwana goma a inuwa.

"Wanne zai fashe? Kowa ya tsaya bayan wanda ya zaɓa."

Aka rabu gida biyu ana ta gardama. Malama ta sa curin biyu a garwashi, ta ja yaran can nesa. Ba a jima ba sai ji aka yi tau! Ɗanyen ya tarwatse, yara suka kwashe da ihu.

"Kun gani?" in ji Nnako. "Abin da na zo faɗa ke nan. Ɗanye fashewa yake yi."

"Me ya sa, Nnako?" Wata 'yar siririya mai giɓi ce ta tambaya, Wusa, 'yar masunci.

"Saboda ɗanye ne mana."

"To me ya sa ɗanye yake fashewa?"

Kun ji fa. Shekara hamsin, babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya, ita ma ba ta taɓa yi wa kanta ba. Ta dubi Malama, amma Malama ta ƙi ba da amsa. Ƙaramar tukunya ta ɗora a kan garwashin da ruwa kaɗan, ta rufe, ta ce a zuba ido. Da ruwan ya tafasa murfi ya soma rawa, sai Wusa ta daka tsalle.

"Tururi ne! Yana son fita, laka ta hana shi hanya!"

Sai Nnako ta nemi kututture ta zauna, ta naɗe hannun riga ta ce a miƙo mata yumɓu. Wadda ta zo yin tsawa ita ce har azahar tana nuna musu yadda ake daka tsingaro a cuɗa da laka, da yadda ake sirantar da abu ya bushe har ciki. Ta kuma koya musu dabarar da kakarta ta koya mata, wadda ita kanta ta daɗe da bari tunda hannu ya saba: a manna abu a kunci, idan ya yi sanyi akwai sauran danshi.

"Na ɗaga wutata mako biyu," ta ce da za ta tafi. "Wanda ya kawo mini mai sanyi, da shi da kifinsa zan kora."

Ranar gashi da hantsi suka iso a layi. Malama ta sa kowa ya gwada nasa a kunci, ya ba na kusa da shi ya sake gwadawa. Guda tara masu sanyi suka ware da kansu, har da wata dorinar laka da mai ita ya kusa kuka. Nnako tana jera randuna a kan itace, tana cewa a ranta tsufa ne ya sa ta biye wa yara.

Sai ta hango Wusa a durƙushe, kunci manne da gindin babbar randa.

"Ke 'yar giɓi, me kike sansana?"

"Nnako, wannan da sanyi."

Matan da ke kawo kara suka tsaya cak.

"Randata? Tun ba a haifi ubanki ba nake wannan aiki!"

Ta shafa gindin randar da tafin hannu, ta ji shi garau. Amma hannun da ya yi kanta shekara hamsin, me zai ji? Ta dubi yaran, duk sun zuba mata ido. Ita ta kafa dokar. Ta dafa gwiwa ta sunkuya da ƙyar, ta manna kuncinta.

Sanyi kamar bakin rijiya. Ashe randar ce ta ƙarshe a rumfa, wadda ke jingine da bangon da ruwa ke bi.

"Ku kama mini," ta ce. "A hankali, kada ku jawo mini wata asarar."

Aka mayar da randar rumfa, aka ajiye ta kusa da dorina. Aka lulluɓe sauran da kara da ciyawa, kayan yara a tsakankaninsu, aka cinna wuta. Nnako ta tsaya da sandarta tana kasa kunne, tana jiran ƙarar da kowace maginiya take tsoro. Wuta ta ci ta cinye, babu abin da aka ji sai ƙarar kara.

Da toka ta huce ta bi randuna goma sha uku tana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta amsa da zaƙin murya. Yara suna tono haruffansu, sun yi ja, suna ƙwala su da juna don su ji ƙara.

"Teni," ta ce, ba ta ko waiwaya ba, "wuta ta gaba ki aiko mini da kumatun nan tun da wuri. Nawa sun gaji da sunkuyo."