Jinkar Goggo Jeom-nye

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ta zo mu saurara.

Shekara ashirin bayan yaƙin Koriya, mutanen ƙauyen Solmae suka zauna a gindin bishiyar taro. Gwamnati ta ce duk ƙauyen da ya sauya jinkarsa da kwano za a ba shi siminti. Su kuwa gada suke so su gina da shi. Duk damina rafi yakan cika, shinkafa ba ta kaiwa kasuwa, mara lafiya ba ya kaiwa asibiti. Aka ɗaga hannu, kowa ya yarda, ban da Goggo Jeom-nye.

Ɗanta Chil-seong ne ya yi mata jinkar nan da karan shinkafa, a kakar da sojoji suka tafi da shi. Ba gawa, ba wasiƙa. Kowace kaka maza sukan taru su yaye tsohon rufi su sa sabo, amma ita sai dai a ɗora a kan na ƙasa. Gidan har ya rusuna don nauyi.

Mai gari Man-bok ya zo, ya tarar da ita tana wanke tulunan kimchi, kabejin nan mai yaji da suke tsumawa.

"Goggo, saura naki."

"Kai Man-bok, ni na share maka majina. Yanzu don an rataya maka hula sai ka zo ka tuɓe wa gidana tasa?"

"Goggo, rufin nan ko akuya ta hau sai ya zubo."

"Akuyar ta fi ka nauyi ne? In Chil-seong ya sauko daga kan tudun can ya ga kwano yana walƙiya, ya ce ba gidanmu ba ne, ya wuce fa?"

Tare aka tafi da Man-bok da Chil-seong, Man-bok kaɗai ya dawo. Can ya ce, "Matar ƙanena wata bakwai gare ta, Goggo. Da damina za ta haihu."

Goggo ta ci gaba da dirzar tulu. Sai da ya kai bakin ƙofa ta ce, "Ku zo jibi. Amma na ƙasan, kai za ka cire da hannunka."

Suka zo. Aka yi ta yaye rufi, na wata shekara bayan na wata, ƙura tana tashi, ana tsokanar juna. Aka iso na ƙarshe. Karan ya yi baƙi, amma igiyoyin suna nan, duk an murɗa su ta hagu, don Chil-seong bahago ne. Man-bok ya sa hannu zai kwance, igiyar ta marmashe a tafinsa. Goggo ta tara zaninta, ya zuba mata.

Ruwan farko da ya sauka, rana tsaka, kwanon ya ɗauki ƙara kamar ana buga ƙofa. Ta fito da sauri ba takalmi. Ba kowa. Haka ta riƙa yi duk lokacin da aka yi ruwa, tun maƙwabta suna kamo ta har suka bari.

An gina gadar kafin damina ta yi ƙarfi. Matar ƙanen Man-bok ta haye ta a keken shanu, ta haifi mace a asibiti. Man-bok ya yi shekara tara yana mai gari. Goggo ta rasu a shekara ta huɗu a ƙarƙashin kwanonta. Chil-seong bai dawo ba.