Billen Hassana ya koma dama

Ango mai faci ya haura shekara talatin yana liƙe tayoyin babura a bakin tashar Bagudo, kuma iyakar abin da hannunsa ya taɓa zanawa shi ne ɗan zagayen allin da yake yi wa huda. Sai ga shi da furfurarsa ya ce zane zai koya. 'Yan tasha suka ce to, tsufa dai kowa da ta inda yake kama shi.

Abin da ba su sani ba, fuskar Hassana ce ke ɓace masa. Matarsa ce, shekara tara da rasuwa. Ba ta son hoto tun tana raye, guda ɗayan da ke jikin katin zaɓenta kuwa kogin Kwara ya tafi da shi shekarar da ruwa ya ci unguwarsu. Da can in ya rufe ido sai ta zo masa cif. Yanzu ɗankwali ke zuwa, sai billen da ke kuncinta na hagu, tsakiya kuwa wayam. Abin yana cin ransa ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba sai Ummu Salma, ɗiyar ƙanwarsa, mai koyar da zane a makarantar 'yan mata.

Ran Asabar ta zo da gilashin taga, da gwangwanin baƙar tawada mai kauri, da takardu, da cokali.

"Kawu, fensir zai ci maka shekara. Ga mai sauƙi, Turawa na ce masa monotaif."

"Mono mi?"

"Bugu ɗaya. Ka shafa tawada a gilashi, ka goge inda kake son haske da tsumma ko tsinke, ka kifa takarda, ka murza bayanta da cokali, ka ɗaga. Sau ɗaya yake fita da kyau. In ka sake kifa wata takardar, dishi-dishi za ta fito, ita ake ce wa fatalwa."

"A'uzubillahi! Matar tawa? Ce mata ta biyu."

Abin murza tawada bai ba shi wuya ba, tsohuwar robar taya ya naɗe a jikin guntun bututu, har malamar ta ce ya fi na makarantarsu. Wuyar tana gaba. Mutumin da ya saba lafta gam ba ya jin "kaɗan". Bugun farko takarda ta fito baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa.

"Kawu, wannan fa?"

"Hassana ce cikin ɗaki," in ji Ango, "an ɗauke wuta."

Na biyu ya tsaya gyaran hanci har tawada ta bushe, takarda ta tashi fara fat. Na uku ya danna cokali kamar yana fama da tayar tirela, takarda ta yage. Gemu baƙi, aljihu baƙi, har tuwon da ya ci ran nan sai da ya ɗauki shaidar yatsunsa biyar.

A mako na uku Allah ya taimake shi, wani abu mai kama da mace ya fito: ga ɗaurin ɗankwali mai karkata, ga bille. Don murna bai ko tsaya dubawa ba, ya soke takardar a ƙusar rumfarsa ta sha iska. Sai ga Abbas ɗan kabu-kabu, wanda kullum yake kan hanyar Tsamiya zuwa Benin, ya turo babur da tayar baya a kwance. Ya dubi takarda, ya dubi Ango, ya saki babur ya riƙe ciki.

"Jama'a ku zo! Baba Ango ya zana Hussaina! Ashe abin da ke damun tsoho ke nan!"

To, Hassana 'yar tagwaye ce. Kamarsu ta ɓaci har uwarsu na shayar da ɗaya sau biyu, shi ya sa aka kira wanzami ya yi wa Hassana bille a hagu, Hussaina a dama. Hussainar tana nan da ranta a wani ƙauye bayan iyaka, tana sayar da cuku, kuma bakinta ya fi barkono. Ango ya fizgo takarda ya duba. Bille na dama ɓaro-ɓaro.

Kafin la'asar zance ya kai kasuwa. Mai shayi ya tambaye shi ko da sefa, kuɗin Benin, za a yanka sadaki. Ango ya nufi gidan ƙanwarsa yana huci, ya tarar da Ummu Salma.

"Ke kika juya mini takarda! Da hannuna na sa shi hagu!"

"Kawu, miƙo hannu mu gaisa. Damanka tana wane gefe nawa?"

Ya duba. "Hagu."

"To haka gilashi da takarda suke, fuska da fuska. Abin da ka sa hagu, dama zai fito. Na gaya maka ran farko, kana can kana neman tsari da fatalwa."

Ya koma ya sa bille a dama, ya buga, bille ya dawo hagu lafiya lau. Amma da ya zauna ya dubi abin tsakani da Allah, ƙwarya ce aka ɗaura wa ɗankwali. Ba Hassana ba ce, ba ma kowa ba ce.

Da ya nuna wa Ummu Salma, ta sassauta murya. "Ba billen ba ne, Kawu, fuskar ce ba ka da ita. Tana kuwa bayan Tsamiya. Gilashi ana gani ta cikinsa: ka tsayar da shi gaban Inna Hussaina, ka bi fuskarta da tawada yadda take. In ka buga, wa zai fito?"

Shekara tara ke nan Ango bai taka ƙauyen Hussaina ba. In Hussaina ta zo Bagudo, sai ya tuna ana nemansa a Bahindi. Ita ta ɗauka wulaƙanci ne, ta kuma faɗa wa duk mai kunne. Gaskiyar ita ce ran sadakar bakwai ta shigo tsakar gida da buta a hannu, ya ɗaga kai ya ce "Hassana", tun daga ranar bai iya haɗa ido da ita ba.

Ran Laraba da hantsi ya hau bayan Abbas, gilashi naɗe cikin bargo a ƙirjinsa. Duk ramin da suka faɗa sai ya yi salati. A bakin iyaka wani ma'aikaci ya leƙa bargon ya tambayi ina sauran tagar.

Sun tarar da Hussaina a gindin mangwaro tana tsame cuku. Ba ta ko tashi ba.

"A'a! Mai faci! Ashe kana da rai? Labari ya riga ka, an ce ka rataye ni a tasha kamar tallan maganin basir."

"Ba ke ba ce. Wato ke ce, amma ba ke na nufa ba."

"Abbas, mi ya sha?"

Ango ya yi bayanin hagu da dama har sau uku, yana kallon kaskon cuku. A na ukun ne ya faɗi abin da ya kawo shi, cewa fuskar yayarta ta ɓace masa. Hussaina ta ajiye ludayi, ta gyara ɗauri, ta zauna kan turmi.

"Sai dai fa tawada na bushewa," in ji shi. "Minti goma ba magana."

"Minti goma? Ko a salla ban taɓa yi ba."

Abbas ya riƙe gilashi. Ango ya kanne ido ɗaya, ya tsoma tsinke a tawada, ya dube ta, karon farko a shekara tara. Ya bi goshi, ya bi hanci, ya bi leɓen ƙasa mai ɗan turowa, wanda wallahi ya manta da shi sarai. Ta yi magana sau huɗu, biyu a kan warin tawada, biyu a kan gemunsa. Ya ja bille daidai inda yake ganinsa, a kuncinta na dama. Ya kwantar da gilashi kan tabarma, ya kifa takarda, ya murza da cokali a hankali, ya ɗaga.

Layukan sun karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya, ga shaidar babban yatsa a wuya. Amma Hassana ce, da billenta a hagu, tana shirin yi masa faɗan ya shigo da takalmi. Abbas ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskokinsu, ya mayar ya rufe.

Hussaina ta karɓi takardar da hannu biyu.

"Haka take fito mini a madubi," ta ce. "Shi ya sa na kife nawa ƙarƙashin gado tun shekarar. Kai kana gudun fuskata, ni ina zan gudu?"

Ango ya ga ba ta da niyyar sakin takardar, sai ya ɗauko wata ya kifa kan sauran tawadar, ya murza. Ta biyun ta fito dishi-dishi, da ƙyar ake ganin billen. Ya hura mata iska, zai sa cikin bargo.

Hussaina ta fizge ta, ta tura masa ta farkon a ƙirji.

"Riƙe mai ƙarfin, idonka ya mutu. Ni ta biyu ce tun ran da aka haife mu." Ta share ido da bakin zane, ta ɗauki ludayinta. "Kuma ka dawo ran kasuwa da gilashinka. Hancin yayata bai kai haka girma ba."