Allon da Ba a Wanke Ba

…to, wa zai ƙaryata shi? Jatau ne fa! Shi da ya naɗa wa kututture rawani a Kanan-Bakashe, har liman ya yi mishi sallama. Balle Baba Manzo, uban Sa'a, da bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba?

«In ga allonka na sauka da idona, sannan in ba ka Sa'a.» Shi ke nan sharaɗin Baba Manzo? Don wannan suka taho Tasawa a ƙasa? Ga allunan nan ai, cike da zauren Malam Zakari. Duk ɗalibin da ya sauke, a yi wa allonshi zayyana, a rataye. Ja, kore, ruwan ɗorawa… ya nuna ɗaya kawai, ya ce nashi ne. Wancan mai zanen dagi? A'a, wancan babban. Mutum kamar shi ba ya zaɓen ƙarami.

Malam kuwa ya tsufa, ido ya yi hazo. Yaran da suka wuce ta hannunshi sun fi gero yawa, ina zai tuna wani ja mai kunnuwa irin shi…

Warin nan. Ƙaro da tawada. Hayaƙin kara a ido, dorina a baya, shi kuma da gudu cikin gonar wake — kai, bari. Ya wuce. Gudun ma ai gwaninta ce, wa ya kamo shi?

Baba Manzo na tafe sannu, hannu a baya, yana ta jinjina kai. Madalla. Ɗaga yatsa, Jatau. Ɗaga…

Mene ne wancan?

A tsakiyarsu. Ba ja, ba kore. Ɗan guntun allo mai tsagaggen kunne. Rubutu karkatacce, ya tsaya a rabin layi. Can ƙasa kuma… jaki. Jaki da rawani.

Hannunshi ne. Jakinshi ne.

Me ya sa Malam bai ƙone shi ba? Ko ya wanke ya ba wani? A'a… ba a wanke allo sai mai shi ya biya karatun. Duk shekarun nan? Ƙurar ma an share.

To ai bai yi ƙarya ba! Allonshi na zauren Malam, ga shi! Ya yi dariya mana. Ina dariyar ta tafi?

Malam ya miƙa hannu, bai ko lalube ba, ya sauko da shi.

«Jatau. Zauna. Daga inda ka tsaya.»

Baba Manzo ya juyo. Sa'a… kalmar farko, mece ce ma? Ya san ta. Wallahi ya san ta. Kai, ga shi har ya zauna gaban allon…