Ɗan Haya a Teburin Ƙaguwa

"Riƙe ni da kyau, Noboru, ƙasan nan rawa yake yi," in ji tsohuwar, muna can ƙololuwar hasumiyar bakin tekun Kobe.

Ni ba Noboru ba ne, sunana Shigeo. Kamfaninmu hayar mutane yake bayarwa, yau ka zama kawun amarya, gobe mijin wata. Amma wannan aikin tun safe yake tayar mini da zuciya. Noboru na gaske, ɗanta tilo, a cikin garin nan yake aiki, daga inda muke tsaye ma ina hango benen ofishinsa. Shekara shida bai taka gidan tsofaffin da ya ajiye ta ba. Yau tsohuwar, Tsuruko, ta cika tamanin da takwas, an sa mata 'yar shara ruwan ɗorawa kamar yadda aka saba yi wa mai waɗannan shekaru a nan, shi kuwa gogan sai ya aiko mini da tsohuwar rigarsa da takarda guda: wai yanar ido ta rufe mata gani, kunne ya yi nauyi, ba za ta gane ba. Tir!

"Jiragen ruwa nawa ne a tasha?" ta tambaye ni.

"Huɗu, Mama. Ɗaya fari, ƙato."

"Babanka ya sauke kaya daga irinsu har bayansa ya tanƙware. Kai kuwa ko buhun shinkafa ba ka iya ɗagawa, rago kawai."

Na yi irin dariyar Noboru da na koya a bidiyo. Burina ɗaya ne, in mayar da ita da yamma tana ganin ɗanta ne ya fito da ita yawo.

* * *

A gidan cin naman shanu Noboru ya kama mana wuri, ta ce atafau ita ƙaguwa za ta ci. Na bi ta. Ana jera mana kwanuka sai ga saƙonsa a wayata: in turo hoton abincin, ban da fuskata, zai nuna wa abokan aiki. Ko ta ci, ko ta gaji, bai tambaya ba. Ɗan banza! Na ɗauka na tura, ina jin ƙyamar kaina.

Tsuruko ta laluba ta fasa ƙafar ƙaguwa, ta zaro tsokar fara fat, ta ajiye a kwanona.

"Ci, ɗan nan."

Na ci. Ta ƙara, na ƙara. Can sai ta miƙo hannu ta shafa wuyana a hankali, ta daɗe tana shafawa.

"Lafiya ƙalau," ta ce. "Noboru ko warin ƙaguwa ya shaƙa sai wuyansa ya kumbura. Yana ɗan shekara biyar na goya shi a guje zuwa asibiti, ko takalmi babu a ƙafata."

Wannan babu shi a takarda.

"Mama, ki yi haƙuri, ni dai..."

"Ci abincinka, so na yi in tabbatar kawai. Kuna rubuta masa yadda aka yi, ko?"

"Muna rubutawa."

"To rubuta ban gane ba. Ka ce na yi ta murna." Ta matso da bakinta kusa da kunnena. "In ya ji asiri ya tonu, baɗi ko kai ba zai turo mini ba."

Ta sake laluben wata ƙafar ta fasa mini, tata shinkafar kuwa har ta huce ba ta taɓa ba.